Jinin sarauta ko alƙalamin fada? Fashin baƙi kan sarakunan Gelawa da salsalarsu

Shin da gaske ne miliyoyin mazan da ke zaune yau a Ayilan, Skotlan, Amurka da Ostareliya jikokin sarki guda ne da ya yi zamani sama da shekara 1,500 da suka wuce? Kuma da gaske ne an yi wani sarkin sarakuna da ya riƙe tsibirin Ayilan kaf, ɗa na gadon uba, tun kafin zuwan Kiristanci har ranar da Ingila ta shigo?

Maganar takan taso duk sanda kamfanonin gwajin DNA suka baza talla, ko aka yi wani babban biki a gidan sarautar Birtaniya. Ranar 6 ga Mayun 2023, da aka naɗa Sarki Charles na Uku, sai da aka ɗauko wani dutse mai nauyin kilo 152 daga Edinburgh zuwa Landan, aka saka shi ƙarƙashin kujerar naɗi. Nan masu ba da labari suka tayar da tsohon zance: wai dutsen nan ne Annabi Yaƙubu ya yi matashin kai da shi, ya biyo ta Masar da Sifaniya ya sauka a tudun Tara na Ayilan, daga can sarakunan Gelawa suka haye da shi Skotlan. Masana duwatsu kuwa sun duba shi tuntuni, sun ce jan dutse ne irin wanda ake fasawa a kewayen Scone da ke Skotlan, wurin da Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ɗauke shi a 1296.

Yadda labarin dutsen yake, haka na salsalar sarakunan yake. Akwai abu na gaske a ciki, tsoho mai nauyi, akwai kuma rigar da aka ɗinka masa daga baya saboda wata buƙata.

Su wane ne Gelawa, me suke nufi da sarki?

Gelawa su ne masu magana da tsohon harshen da ya haifi harshen Ayilan na yau, da Gelik na Skotlan, da na tsibirin Man. Zamanin da muke magana a kai ya kama daga ƙarni na 5, lokacin da Kiristanci da rubutun Latin suka kafu a Ayilan, zuwa ƙarni na 12. Rumawa ba su taɓa cin tsibirin da yaƙi ba, don haka ba su bar masa birane ko gwamnoni ba. Dukiya shanu ce. Jama'a na zaune a warwatse cikin gidajen gona da aka kewaye da ganuwar ƙasa ko ta dutse, kuma har yau ana ganin kufan irin waɗannan gidaje sama da 40,000.

Sarki a harshensu shi ne rí, ƙasar da yake riƙe da ita kuma túath. Wanda ya ji an ce sarki ya hango daula, to ya sassauta. Masana na ƙiyasta cewa a lokaci guda akan sami irin waɗannan ƙananan masarautu 100 zuwa 150, kowace da mutanen da ba su wuce 'yan dubbai ba, ƙasar da mahayin doki zai ratsa kafin rana ta faɗi. A saman sarkin túath akwai wanda sarakuna da dama suka yi wa mubaya'a, a samansa kuma akwai sarkin lardi. Larduna biyar ake ƙirgawa: Ulaid a arewa, Connachta a yamma, Laigin a gabas, Mumu a kudu, sai Mide a tsakiya.

Abin da ke ɗaure ƙaramin sarki da babba shi ne jingina. Wanda aka fi ƙarfi yakan miƙa ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa ya zauna a gidan babban sarki. In ya saɓa alkawari, yaron ne zai ɗanɗana. Littattafan shari'arsu ma cewa suka yi wanda ba shi da 'yan jingina a mari ba sarki ba ne. Haka kuma karɓar kyauta daga hannun babban sarki, dawakai ne ko takubba, alama ce ta cewa ka sunkuya masa.

Waɗannan littattafai, da aka rubuta a ƙarni na 7 da na 8, sun yanka wa kowane ɗa diyyar mutuncinsa, abin da suke kira farashin fuska. Na sarkin túath cumal bakwai ne. Asalin ma'anar kalmar baiwa ce, wato macen da aka bautar, aka mayar da ita ma'aunin dukiya da ake yawan lissafawa da saniyar tatsa uku. Sarki na iya zubar da wannan daraja in aka gan shi yana aikin talaka da gatari ko shebur, ko yana tafiya ba 'yan rakiya, ko aka sare shi a ƙeya yana gudu daga fagen fama. Ɗaya daga cikin littattafan, Críth Gablach, har jadawalin mako ya tsara masa: Lahadi ta shan giya da jama'arsa, Litinin ta sasanta al'amuran ƙasa, Talata ta wani wasa mai kama da dara, Laraba ta kallon karnukan farauta, Alhamis ta iyali, Juma'a ta sukuwa, Asabar ta yanke hukunci. Ba wanda zai ce haka kowane sarki ya rayu, amma jadawalin ya nuna irin girman da ofishin yake da shi a idon malaman shari'a.

Sharuɗɗa biyu ne suka fi jan hankalina. Na farko, dole jikin sarki ya kasance ba naƙasa. Dokar kiwon zuma ta ambaci Congal Cáech, wanda ta ce ƙudan zuma ya harbe shi a ido ya rasa sarautar Tara. Shi ne aka kashe a yaƙin Mag Rath a 637. Na biyu shi ne abin da suke kira gaskiyar mai mulki. Sun yi imani cewa in sarki na adalci, shanu za su ba da nono, hatsi ya yi kyau, kifi ya cika rafi, annoba ta kauce. In yunwa ta faɗo, ido kan sarki yake komawa.

Wa ke da haƙƙin hawa karaga?

Nan ruɗani ya fi yawa. Wanda ya saba da tsarin Birtaniya, inda ɗan fari ke gado ko da yana cikin tsumma, zai ɗauka haka Gelawa suke. Ko kusa. Mai karatun da ya san yadda gidajen sarauta ke karɓa-karɓa, da yadda 'ya'yan sarki ke cika fada kowa na jiran ranarsa, shi ya fi kusa da gane su.

Tushen dangi a shari'arsu shi ne derbfine: mutum da 'ya'yansa maza, da jikokinsa, da tattaɓa-kunnensa ta wajen maza. Su ke raba gadon ƙasa, su ke haɗa diyya in ɗayansu ya yi kisa. Masanin tarihi Eoin MacNeill ya kafa hujjar cewa duk wanda ubansa, ko kakansa, ko uban kakansa ya yi sarauta, ya cancanci nema. Masanan da suka biyo baya, irin su Donnchadh Ó Corráin, da suka bi jerin sarakunan ɗaya bayan ɗaya, sun nuna cewa a aikace ƙarfi ne ke raba gardama: yawan shanu, yawan mabiya, da ƙawancen da mutum ya ƙulla. Amma duka ɓangarorin sun haɗu a kan abu guda mai muhimmanci. Reshen da sarauta ta daɗe ba ta shiga ba, bushewa yake yi. Jikokinsa su gangara su zama masu gari, daga nan su zama manoma. Saboda haka kowane reshe ya san in bai ƙwata a zamaninsa ba, ya kashe gidansu. Mafi yawan yaƙe-yaƙen da ke cike da kundayen tarihinsu daga wannan tsoro suka fito.

Ga shi kuma masu neman suna da yawa, domin duk da Kiristanci manyan Gelawa ba su daina auren mace fiye da ɗaya ba. Shari'a ta san uwargida, ta san sauran matan, kuma 'ya'yansu maza duk suna da rabo. Wani littafin shari'a ma ya kare al'adar da cewa ai bayin Allah na Tsohon Alkawari sun tara mata. Misalin da aka fi kawowa na baya-baya ne, amma ya nuna inda abin ke kaiwa: wani sarkin gidan O'Donnell da ya rasu a 1423 ya bar 'ya'ya maza 18 daga mata 10, da jikoki maza 59.

In aka haɗa wannan yawa da sharaɗin lafiyar jiki, sai a gane wata mummunar al'ada da ta yi ƙamari a ƙarni na 11 da na 12, wato ƙwaƙule idon abokin hamayya. Kashe ɗan'uwa babban abin ƙyama ne a wurinsu, amma makaho ba ya sarauta, sai aka sami hanyar kawar da mutum ba tare da an ɗauki ransa ba. A 1136 Toirdelbach Ua Conchobair, sarkin Connachta, ya sa aka makantar da ɗansa na cikinsa, Áed. A 1141 Diarmait Mac Murchada ya kashe ko ya makantar da manyan Laigin 17.

An yi ƙoƙarin rage zubar jinin. Akan ayyana magaji tun sarki na da rai, a kira shi tánaise. Wasu gidaje kuma suka koma karɓa-karɓa. Gidan Uí Dúnlainge ya riƙe sarautar Laigin daga 738 zuwa 1042, tana zagayawa tsakanin rassa uku da suka fito daga 'ya'yan mutum guda. Shekara ɗari uku ana haka. Ban ɗauka yarjejeniya ce aka zauna aka rubuta ba. Ƙarfin rassan ne ya zo ɗaya, babu wanda ya isa ya haɗiye sauran.

Mata ba sa hawa karaga, amma ta hannunsu ake ƙulla ƙawance, kuma uwa mai dangi masu ƙarfi babban jari ce ga ɗan sarki. Haka ma riƙo: akan kai yaro gidan wani babba ya tashi can har shekara 17, kuma sau da yawa 'yan'uwansa na riƙo sun fi na jini tsaya masa, tunda su ba sa neman kujerarsa.

Tara da zuriyar Niall

Tara tudu ne a gundumar Meath, cike da kaburbura da kufai da suka girme Gelawan tarihi da dubban shekaru. Sarautarsa na da wata alfarma ta addinin da, kuma daga ƙarni na 7 gida ɗaya ya mamaye ta: Uí Néill, wato jikokin Niall. Wannan Niall, mai laƙabin Noígíallach, ma'ana mai jingina tara, ana sanya shi a ƙarni na 5. Babu rubutun zamaninsa da ya ambace shi; duk abin da aka faɗa a kansa bayan ƙarnuka aka rubuta, a lokacin da masu kiran kansu jikokinsa ke mulki.

Gidan ya kasu biyu. A arewa akwai Cenél Conaill da Cenél nEógain, a tsakiya akwai Clann Cholmáin da Síl nÁedo Sláine. Daga 734 sarautar Tara ta koma karɓa-karɓa tsakanin Cenél nEógain da Clann Cholmáin, aka tafi a haka har 1002, in ban da Congalach na Síl nÁedo Sláine da ya kutsa tsakanin 944 da 956.

To sarkin Tara shi ne sarkin Ayilan? Nan masana suka rabu. Marubutan zamanin fafutukar neman 'yanci sun so su ga tsohuwar masarautar ƙasa guda wadda Ingila ta rusa. D. A. Binchy, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan tsoffin littattafan shari'a, ya ce matakan sarauta da littattafan suka tsara a sarkin lardi suka tsaya. Wasu kuma suka nuna cewa tunanin ya tsufa, domin tun wajen shekara ta 700 Adomnán, shugaban gidan ruhubanawa na tsibirin Iona da ke Skotlan, ya kira Diarmait mac Cerbaill, wani tsohon sarkin Tara daga gidan Uí Néill, mai mulkin Ayilan duka da naɗin Allah. Sai dai Adomnán ɗan gidan Uí Néill ne. A ganina buri ne da gidan ya daɗe yana rayawa, ba tare da ya zama kujerar da kowa ya yarda da ita ba. Mutanen Mumu, ƙarƙashin gidan Eóganachta da ke Cashel, ba su ɗauki kansu talakawan Tara ba. Wanda ya fara kusantar cika burin shi ne Máel Sechnaill na Ɗaya, wanda ya nutsar da Turgéis, jagoran Vikin, maharan teku daga arewacin Turai, a tafki a 845, ya kuma karɓi jingina daga Mumu. Da ya rasu a 862, kundin shekara-shekara na Ulster ya kira shi sarkin Ayilan duka. Da takobi ya samu, kuma kowane magajinsa sai da ya sake nema daga farko.

Yadda ake ƙera kaka

Gelawa sun bar salsaloli masu ɗauke da dubban sunaye, irin waɗanda ba a cika samun kamarsu a Turai ta wancan zamani ba. Masu riƙe da wannan ilimi su ne filid, malaman waƙa da tarihi, waɗanda babbansu diyyar mutuncinsa daidai take da ta sarkin túath. Su ke yi wa sarki kirari, su ke yi masa zambo in ya yi rowa, kuma ana tsoron zambonsu ƙwarai, har an yi imani yana fito wa mutum da ƙuraje a fuska. Da Kiristanci ya kafu, aikin ya haɗe da na ruhubanawa masu rubutu, waɗanda su ma galibi 'ya'yan gidajen sarauta ne.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne salsala a wurinsu takardar shaidar mallaka ce. Ita ke faɗin wa ke biyan gaisuwa, wa aka ɗauke wa, wa ya isa ya nemi sarautar lardi. In siyasa ta juya, salsala ma sai ta juya. Gidaje biyu da suka ƙulla ƙawance sai a wayi gari kakanninsu wa da ƙane ne. Gidan da ya faɗi sai a mayar da kakansa ɗan ƙwarƙwara, ko a share shi.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Dál Cais, gidan Brian Bóruma, wanda ya hau saman tsibirin a 1002. Asalinsu wani reshe ne na mutanen Déisi, waɗanda ba sa cikin masu sarautar Mumu. Da suka yi ƙarfi a bakin kogin Shannon a ƙarni na 10, sai ga kaka ya bayyana, Cormac Cas, wanda aka ce ɗan'uwan Éogan ne, kakan Eóganachta. Aka ƙara da cewa ai tun fil azal an yi wasiyyar gidajen biyu su riƙa karɓa-karɓa a Cashel. Ƙwace ya zama karɓar haƙƙin da aka daɗe ana danne musu.

Can sama kuma duk rassan aka ɗaure su a gindi ɗaya. Littafin Lebor Gabála Érenn na ƙarni na 11 ya ce Gelawa 'ya'yan wani Míl ne da suka zo daga Sifaniya, ya haɗa su da wata Scota 'yar Fir'auna, ya ja layin har zuwa Yafisu ɗan Annabi Nuhu. Malaman coci ne ke nema wa jama'arsu gurbi a tarihin Littafi Mai Tsarki, kuma daga wannan rijiya labarin dutsen naɗi ya sha ruwa. Wannan ba ya nufin a watsar da salsalolin. Daga wajen ƙarni na 7 zuwa gaba ana iya gwada sunaye da yawa da kundayen da ruhubanawa ke rubuta mutuwar sarakuna shekara-shekara, kuma suna dacewa. Matsalar tana wurin ɗinki, inda aka haɗa gidan da aka sani da kakan da ake so.

Brian da yaƙin Clontarf

Brian ya gaji wansa Mathgamain da aka kashe a 976, ya kama Mumu a 978, kuma a 1002 ya tilasta wa Máel Sechnaill na Biyu, sarkin Tara, ya sunkuya masa. Karo na farko ke nan cikin ƙarnuka da wani daga wajen zuriyar Niall ya hau saman tsibirin. A 1005 ya je Armagh, cibiyar cocin Ayilan, ya ajiye oza 20 na zinariya a kan bagadi, malaminsa kuma ya rubuta shi a littafin cocin da laƙabin Latin mai nufin sarkin sarakunan Gelawa.

Abin da aka fi sani game da shi shi ne wai ya kori Vikin daga Ayilan a Clontarf kusa da Dublin ranar 23 ga Afrilun 1014. A duba waɗanda suka tsaya a fagen. Babban abokin gabarsa Bagele ne, Máel Mórda sarkin Laigin. Sitric, sarkin Vikin na Dublin, mijin 'yar Brian ne. Uwar Sitric, Gormlaith, 'yar'uwar Máel Mórda ce, kuma ta taɓa auren Brian ɗin. An kawo mayaƙa daga Orkney da Man, gaskiya ne, amma tushen rigimar tawayen Laigin da Dublin ne a kan mulkin Brian. Rundunarsa ta yi nasara, shi da ɗansa Murchad da jikansa suka mutu a ranar, Máel Sechnaill ya koma kujerarsa har 1022, Sitric kuwa ya ci gaba da mulkin Dublin har 1036. Labarin ceton ƙasa daga baƙi an rubuta shi ne kimanin shekara ɗari bayan haka, a zamanin tattaɓa-kunnensa Muirchertach.

Bayan Brian ƙofa ta buɗe ga duk mai ƙarfi. Marubuta suka ƙirƙiro laƙabin sarki mai 'yan adawa ga waɗanda suka biyo baya. Na ƙarshensu, Ruaidrí Ua Conchobair, ya kori Diarmait Mac Murchada a 1166. Diarmait ya haye teku neman taimako, mayaƙan Normawa, masu mulkin Ingila a lokacin, suka sauka a 1169, Sarki Henry na Biyu na Ingila ya biyo su a 1171.

Ƙetaren teku: daga Dál Riata zuwa Alba

Tsakanin arewa maso gabashin Ayilan da Kintyre na Skotlan akwai kimanin kilomita 20 na ruwa kawai, kuma masarautar Dál Riata ta haɗa gaɓoɓin biyu. Manyan gidajenta su ne Cenél nGabráin a Kintyre, Cenél Loairn a Lorne, da Cenél nÓengusa a tsibirin Islay. Wani tsohon rubutu ya ƙirga gidajensu, ya ce kowane gida 20 zai fitar da jiragen ruwa biyu masu benci bakwai-bakwai in yaƙi ya tashi. A kan dutsen Dunadd har yau akwai sawun ƙafa da aka sassaƙa, wanda ake dangantawa da naɗin sarki.

A nan malamin coci Columba, shi ma ɗan gidan Cenél Conaill, ya kafa gidan ruhubanawa na Iona a 563. Magajinsa Adomnán ne ya tara sarakuna da malaman coci 91 suka tsaya wa wata doka a Birr a 697, wadda ta haramta taɓa mata, yara da malamai a lokacin yaƙi. Cikin duk abin da wannan zamani ya bari, ita ce na fi ganin girmanta.

Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa Cináed mac Ailpín ya ci Piktawa, tsoffin mazauna arewa da gabashin Skotlan, da yaƙi ya kafa Skotlan a 843. Kundayen zamaninsa kuwa, da ya rasu a 858, sarkin Piktawa suka kira shi. Sai a kan jikansa Domnall, wanda ya rasu a 900, aka fara rubuta sarkin Alba, sunan Skotlan a harshen Gelik. Zuriyarsa ta yi karɓa-karɓa tsakanin rassa biyu har zuwa Máel Coluim na Biyu, wanda ya murƙushe abokan hamayya, sarauta ta faɗa hannun jikansa ta wajen 'ya mace, Donnchad, a 1034. Wannan ne ya kawo Mac Bethad, wato Macbeth, wanda wasan kwaikwayon Shakespeare ya mayar da shi maci amanar da ya yanka tsohon sarki yana barci. Donnchad na tarihi ba tsoho ba ne, kuma a fagen yaƙi ya mutu a 1040. Matar Mac Bethad, Gruoch, jinin sarauta ce. Ya yi shekara 17 yana mulki, har ya sami natsuwar zuwa ziyara Roma a 1050, inda aka rubuta cewa ya watsa wa matalauta kuɗi kamar iri.

Talaka fa, a da da yanzu?

Manomi yakan karɓi shanu daga hannun ubangidansa, ya riƙa biya duk shekara da nama, man shanu, hatsi da aikin ƙarfi, ya bi shi yaƙi, ya kuma sauke shi da tawagarsa a lokacin sanyi. Sabon sarki yakan nuna isarsa da kai harin shanu a maƙwabta, kuma garken talaka ake korawa. In ya fita daga túath ɗinsu, kusan ba shi da wata kariya ta shari'a. Sannan ga matsin da ke zuwa daga sama: 'ya'yan sarki na ƙaruwa, kowa na son gona. Masanin salsala na ƙarni na 17, Dubhaltach Mac Fhirbhisigh, ya lura cewa gwargwadon yadda zuriyar masu mulki ke yaɗuwa, haka na ƙasa da su ke matsuwa har su ɓace.

Wannan ne ya sa sakamakon binciken da masana na Kwalejin Trinity ta Dublin suka fitar a 2006 bai zo da mamaki ba. Sun duba ƙwayar halittar da ɗa namiji ke gada daga uba kaɗai, suka ga kusan mutum ɗaya cikin biyar a arewa maso yammacin Ayilan na ɗauke da tambari iri ɗaya, wanda ya fi yawa a masu sunayen da salsala ta jingina da Uí Néill. Suka ƙiyasta maza miliyan biyu zuwa uku a duniya. Binciken ya nuna lallai wani gida ya yaɗu fiye da kima a wannan yanki. Bai nuna sunan mutumin ba, domin ba a tono ƙashin Niall an gwada ba. Masu talla ne suka cike gurbin.

Sunan iyali ma yana ruɗarwa. Mac na nufin ɗa, Ó na nufin jika, kuma sunayen sun fara zama na gado ne daga ƙarni na 10. O'Neill na Tyrone daga Niall Glúndub suka samo suna, wanda Vikin suka kashe kusa da Dublin a 919, kusan shekara 500 bayan mai jingina tara. O'Brien daga Brian ne.

Tsarin kansa Ingila ce ta kashe shi. Daga 1540 zuwa gaba aka riƙa sa shugabannin Gelawa su miƙa ƙasarsu ga Sarki Henry na Takwas a mayar musu da ita da muƙamin Ingila da gadon ɗan fari. A 1602 aka farfasa kujerar dutsen da ake naɗa O'Neill a Tullyhogue, a 1607 manyan arewa suka bar ƙasar, a 1608 kotu ta soke gadon tánaise. Kalmar dai ta rayu: mataimakin firaministan Ayilan Tánaiste ake ce masa, firaministan kuma Taoiseach, tsohuwar kalmar shugaban dangi. Kundin tsarin mulkin 1937 ya hana gwamnati ba da sarauta. An ci gaba da amincewa da wasu shugabannin gidaje don girmamawa kawai, har aka gano cewa wani da aka amince da shi a matsayin MacCarthy Mór, yana ta raba wa mutane muƙamai da lambobin girma, salsalar ƙarya ya gabatar. Aka janye amincewar a 1999, aka daina al'adar gaba ɗaya a 2003.

Wanda ke son bin asalinsa da takarda kuwa, zai ci karo da rami. Rajistar haihuwa, aure da mutuwa ta kowa da kowa a Ayilan sai 1864 ta fara. Yawancin littattafan cocin Katolika na karkara ba su wuce farkon ƙarni na 19 ba. A ƙarshen Yunin 1922, da yaƙin basasa ya ɓarke, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin ta ƙone, takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka tafi in ban da 'yan guntaye. Tsakanin kakan da yawancin iyalai za su iya nunawa a rubuce da sunan ƙarshe a salsalar fada, akwai ƙarnuka da babu takarda ko ɗaya.